Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Gambiya Adama Barrow kan haƙƙin Rohingya da haƙƙin waɗanda aka kashe a ƙasarsa

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da ministocinka na harkokin waje da na shari'a, tare da fatan alheri ga ɗaukacin al'ummar Gambiya, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga arewacin Najeriya. Na zaɓi in baje ta a fili domin batun da ke cikinta ya wuce iyakar ƙasarka. Akwai sojojin Najeriya cikin rundunar ECOWAS da ta share maka hanyar shiga fadar Banjul a 2017, akwai kuma 'yan Najeriya cikin waɗanda jami'an gwamnatin da ka gada suka kashe, ba a kuwa miƙa wa iyalansu ko ƙashinsu ba. Saboda haka ina ganin ina da hurumin yin magana, kuma zan yi ta da ladabi ba tare da na rage komai daga cikinta ba.

Gambiya ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai kai na jihar Kano ba, mutanenta kuma ba su wuce miliyan biyu da rabi ba. Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da ɗan bakin teku. Ba ta haƙo man fetur, ba ta da rundunar da za ta razana kowa, tattalin arzikinta kuma ya dogara ne da gyaɗa da baƙi masu yawon buɗe ido da kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa daga ƙetare. Ƙasa irin wannan ba ta da abin da za ta shiga da shi zauren manyan ƙasashe sai mutuncinta, kuma marigayi Dawda Jawara, shugaban Gambiya na farko, ya gane haka tun da wuri. A shekarar 1979, wadda a cikinta Idi Amin na Uganda da Bokassa na Afirka ta Tsakiya da Macias Nguema na Ikwatoriyal Gini suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, shugabannin Afirka suka amince a rubuta wa nahiyar yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam, kuma Jawara ne ya buɗe ƙofar Banjul aka yi zaman da ya kammala daftarin. An amince da ita a Nairobi a 1981, amma har gobe sunanta Yarjejeniyar Banjul, hukumar da ke kula da ita ma a ƙasarka take zaune. A Banjul ɗin ne kuma aka yanke shawarar kafa rundunar wanzar da zaman lafiya ta ECOWAS, wato ECOMOG, a watan Agustan 1990 domin shiga tsakani a yaƙin Laberiya, Gambiya kuwa ta ba da nata sojojin tare da Najeriya da Gana da Gini da Saliyo.

Yahya Jammeh, shugaban da ka gada, ya shafe shekara 22 yana zubar da wannan mutunci. Ya fitar da ƙasar daga ƙungiyar Commonwealth a 2013, ya shelanta ficewa daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a 2016 alhali 'yar ƙasarsa Fatou Bensouda ce babbar mai gabatar da ƙara a kotun, kuma ya yi biris da hukunce-hukuncen kotun ECOWAS, ciki har da wanda ta yanke a 2008 kan ɗan jarida Ebrima Manneh da ya ɓata a hannun jami'an tsaro. Gaskiya ce cewa kai ka juya akalar, ka soke ficewar daga kotun a farkon mulkinka, ka mayar da ƙasar cikin Commonwealth a 2018. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi.

Amma abin da ya ɗaga sunan Gambiya sama da duk waɗannan shi ne ƙarar da ta shigar kan Myanmar. Daga watan Agustan 2017 sojojin wannan ƙasa suka far wa ƙauyukan Musulmin Rohingya a jihar Rakhine da kisa da fyaɗe da ƙone-ƙone, har mutum fiye da 700,000 suka tsallaka Bangaladesh suka cunkushe a sansanonin Cox's Bazar. Duniya ta yi ta Allah-wadai, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya kasa taɓuka komai saboda Sin da Rasha suna kare gwamnatin Myanmar. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi tana da mambobi 57, cikinsu akwai masu rijiyoyin mai da masu manyan rundunoni, amma da aka zo neman wadda za ta sa hannu a takardar ƙara, Gambiya ce ta miƙe. Ministan shari'arka na wancan lokaci, Abubacarr Tambadou, wanda ya yi aikin gabatar da ƙara a kotun kisan ƙare-dangin Ruwanda, ya ziyarci sansanonin a 2018 ya saurari masu gudun hijirar da kunnensa, ya kuma bayyana cewa abin da ya ji ya tuno masa da Ruwanda. Ranar 11 ga Nuwamba 2019 aka shigar da ƙarar a Kotun Duniya da ke birnin Heg, a watan Disamba kuma mutane suka ga abin da ba su taɓa zato ba: Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin kuma mai lambar yabo ta Nobel, tana zaune shiru a zauren kotu yayin da lauyoyin wata ƙasa da mutane da yawa ba za su iya nuna ta a taswira ba suke karanto shaidar matan da aka yi wa fyaɗe da iyayen da aka kashe 'ya'yansu a gabansu. Ranar 23 ga Janairu 2020 alƙalan baki ɗaya suka umarci Myanmar da ta ɗauki matakin kare Rohingya, ta kuma adana hujjoji kada a lalata su.

Hukuncin da ya fi tasiri shi ne na ranar 22 ga Yuli 2022. Myanmar ta kafa hujja da cewa Gambiya ba ta da alaƙa da lamarin, ba a taɓa ɗan ƙasarta ko ɗaya ba, kuma 'yar aike ce kawai ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Kotun ta yi watsi da wannan, ta tabbatar da cewa duk ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi ta 1948 tana da haƙƙin tuhumar wata kan karya ta, ko da kuwa abin ya faru a wata nahiya. A kan wannan tubali Afirka ta Kudu ta tsaya lokacin da ta kai Isra'ila gaban kotun kan Gaza a ƙarshen 2023. Duk mai jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa ya kamata ya san cewa ƙofar da aka bi, Gambiya ce ta fara tura ta.

Ranka ya daɗe, saboda wannan girma da ƙasarka ta samu ne nake jin nauyin abin da zan faɗa. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba na so a wayi gari lauyoyin sojojin Myanmar, ko wasu masu mulkin danniya a nahiyarmu, su sami damar jifan Gambiya da wannan magana, kuma a halin da ake ciki kuna ba su dama.

A watan Yulin 2005 wasu matasa 'yan ci-rani fiye da 50 daga ƙasashen yankinmu suka sauka a gaɓar Gambiya cikin kwalekwale, suna neman jirgin ruwan da zai wuce da su Turai. Kimanin 44 daga cikinsu 'yan Gana ne, 9 'yan Najeriya, sauran kuma daga Senegal da Togo da Kwaddibuwa. Saukarsu ta zo daidai da bikin zagayowar ranar juyin mulkin Jammeh, sai jami'an tsaro suka ɗauke su a matsayin sojojin haya. Aka ɗaure su, aka rarraba su a ofisoshin 'yan sanda, aka kashe wasu a kusa da Brufut, sauran kuma aka riƙa ɗibarsu da dare a bayan a-kori-kura ana tsallakawa da su cikin dajin Kasamans ta ɓangaren Senegal. Wani ɗan Gana da ya sami sa'a ya kwance ɗaurin hannunsa ya diro daga motar ya faɗa daji ana bin sa da harbi, shi ne ya kai labarin gida, kuma shekara da shekaru yana yawo gari-gari yana neman iyalan abokan tafiyarsa. A 2009 wani kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS ya binciki lamarin, aka ɗora laifin a kan wasu ɓata-garin jami'ai, aka wanke gwamnati, aka ba Gana dala 500,000 da gawa shida, rahoton kuma aka kulle shi ba a buga ba. Sai a watan Yulin 2019 gaskiya ta fito, lokacin da 'yan rundunar kisa ta Jammeh da ake kira Junglers suka zauna gaban hukumar binciken gaskiya sanye da kakin soja, talabijin yana haskawa kai tsaye, suka bayyana yadda aka riƙa jan mutanen ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin wata tsohuwar rijiya ana harbe su suna faɗawa ciki, suka kuma ce umarnin daga Jammeh ya fito. Makonni kaɗan bayan wannan iƙirari gwamnatinka ta saki uku daga cikinsu. An ba da dalilin cewa sakin zai ƙarfafa wa wasu gwiwa su faɗi gaskiya, amma ina roƙonka ka auna yadda uwar da ɗanta ke ƙasan waccan rijiya ta ji wannan labari a Kumasi ko a wani gari na Najeriya.

Hukumar binciken gaskiyar ta yi aikinta da kyau. Ta fara sauraron shaidu a Janairun 2019, ta ji daga bakin mutum kusan 400, ta miƙa maka rahotonta a Nuwamban 2021, inda ta gano cewa an kashe aƙalla mutum 240 a zamanin Jammeh. Cikinsu akwai ɗalibai masu zanga-zanga da aka buɗe wa wuta a Afrilun 2000, da ɗan jarida Deyda Hydara da aka harbe a motarsa a Disamban 2004, da Solo Sandeng, ɗan jam'iyyar da kai kanka ka fito daga cikinta, wanda ya mutu a hannun jami'an leƙen asiri a 2016. Ta kuma tattara shaidar masu cutar ƙanjamau da aka raba da magungunansu aka ɗura musu haɗin shugaban ƙasa, da tsofaffin da aka kama a 2009 da zargin maita aka tilasta musu shan wani jiƙo mai gusar da hankali. A Mayun 2022 gwamnatinka ta karɓi shawarwari 263 cikin 265, har da na gurfanar da Jammeh.

Abin da ya biyo baya shi ne ke sa mutum sunkuyar da kai. Kotun Jamus ta yanke wa Bai Lowe, direban 'yan Junglers, ɗaurin rai da rai a 2023. Kotun Suwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024. Kotun Amurka a Denver ta kama Michael Correa da laifin azabtarwa a 2025. Ban manta ba cewa kotunan Gambiya sun hukunta Yankuba Touray kan kisan ministan kuɗi Ousman Koro Ceesay, sun kuma hukunta shugabannin hukumar leƙen asiri kan kisan Sandeng, amma mafi yawan waɗanda hukumar ta ambata suna nan suna harkokinsu, wasu ma a unguwa ɗaya da waɗanda suka zalunta. Ƙasar da ta koya wa duniya cewa nisan wuri ba ya hana neman haƙƙi ta zama tana jiran Turawa su hukunta mata masu laifinta. Ƙawancen da jam'iyyarka ta ƙulla da jam'iyyar Jammeh gabanin zaɓen 2021, wanda ya kai jagoranta ga kujerar kakakin majalisa, ya ƙara wa iyalan mamatan zargin cewa lissafin ƙuri'a ne ke jan ƙafar shari'a.

Majalisarku ta zartar da dokokin kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a 2024, kuma a taron Abuja na ranar 15 ga Disamban 2024 shugabannin ECOWAS suka amince da kafa kotu ta musamman. Mataki ne mai kyau, sai dai kotu ba ta zama kotu sai da alƙalai da kuɗi da kariyar shaidu, sai kuma wanda ake tuhuma a tsaye a gabanta. A nan ne maganar ta tashi daga ma'aikatar shari'a ta koma ma'aikatar harkokin waje. Jammeh yana Ikwatoriyal Gini tun daren 21 ga Janairu 2017, a ƙarƙashin kariyar shugaban ƙasar, Teodoro Obiang, ɗan ɗan'uwan Macias Nguema ɗin nan da ta'asarsa na cikin abin da ya haifar da Yarjejeniyar Banjul, kuma Obiang ya faɗa a fili cewa zai kare baƙonsa. Babu mai tunanin Gambiya ita kaɗai za ta iya tanƙwara shi. Amma Ikwatoriyal Gini ta sa hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa, wadda ta wajabta wa ƙasa ko dai ta gurfanar da wanda ake zargi ko ta miƙa shi, kuma maƙwabciyarku ta ga yadda wannan ƙa'ida ke aiki. Hissène Habré na Chadi ya zauna a Dakar shekara fiye da ashirin ana ganin ya gagara, har Kotun Duniya ta ce wa Senegal a 2012 ta yi ɗaya cikin biyun, aka kafa kotu ta musamman da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Abin da ya kawo wannan sakamako shi ne naci, da kuma tara ƙasashe a bayan buƙata guda. Jami'an diflomasiyyarka sun nuna sun iya wannan aiki, domin sun tara ƙasashen Musulmi a bayan ƙarar Rohingya, daga baya Kanada da Birtaniya da Faransa da Jamus da Holan da Denmak da Maldibs suka shigo. Gana da Najeriya da Senegal da Togo da Kwaddibuwa duk suna da jini a wannan shari'a, kuma buƙatar da ta fito da sa hannun Abuja da Akara da Dakar tare da na Banjul ba za a ajiye ta a gefe kamar wadda ta fito daga Banjul ita kaɗai ba.

Dangantakarku da Senegal ita ce mafi muhimmanci a gare ku, kuma ta gyaru matuƙa a zamaninka. Duk wanda ya san garin Farafenni da ke kusa da kogin Gambiya a da ya san layin manyan motoci da kan kwana da kwanaki a bakin kogi suna jiran jirgin fito, direbobi na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu, kayan gwari na ruɓewa a rana. Gadar da kuka buɗe da shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, a Janairun 2019 ta kawo ƙarshen wannan wahala, ta kuma haɗa Kasamans da arewacin Senegal. Haramta fitar da katako da kuka yi a 2022 shi ma ya dace, tun da fasa-ƙwaurin itacen madobiya na cikin abin da ke ciyar da 'yan tawayen MFDC na Kasamans da ke faɗa tun 1982. Sai dai mutanen yankin Foni sun biya farashi mai tsada a 2022 ɗin, lokacin da arangama tsakanin sojojin Senegal da mayaƙan Salif Sadio, jagoran wani ɓangare na MFDC, ta kori dubban mutane daga ƙauyukansu a cikin ƙasarku. Tarihi kuma ya nuna cewa jingina da sojan maƙwabci ba ya ɗorewa, domin sojojin Senegal ne suka ceci Jawara daga juyin mulkin 1981, tarayyar Senegambiya da ta biyo baya kuma ta watse a 1989, shekara biyar bayan nan Jammeh ya ƙwace mulki. Rundunar ECOWAS da aka kawo domin 'yan watanni ta shafe shekaru ana sabunta wa'adinta, saboda garambawul ɗin da aka yi alkawarin yi wa rundunar tsaronku yana tafiyar hawainiya, kuma ba zai kammalu ba muddin waɗanda aka ambata da azabtarwa suna sanye da kaki. Ina ganin wannan kyakkyawar alaƙa da Dakar tana da wani amfani da ya kamata a ci: rijiyar da aka jefa 'yan ci-ranin tana ƙasar Senegal, kuma da yardar gwamnatinta za a iya kai ƙwararru su tono ƙasusuwan, a gwada jinin dangi, a mayar da kowa ga iyalansa a yi masa sutura.

Akwai kuma batun ECOWAS kanta. Ɗan ƙasarka Omar Alieu Touray ya karɓi shugabancin hukumar gudanarwarta a 2022, a zamaninsa kuma Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice a Janairun 2025, abin da mu mazauna kan iyakar Najeriya da Nijar muka ji a jikinmu tun daga rufe iyaka da yanke wutar lantarki na 2023. Babban zargin da talakawan Sahel ke yi wa ƙungiyar shi ne tana zare ido ga sojan da ya yi juyin mulki, tana kawar da kai daga farar hular da ya murɗe tsarin mulki domin ya zarce. Abin da ya faru a Gambiya a 2017, inda Muhammadu Buhari da Ellen Johnson Sirleaf da John Mahama suka yi ta zirga-zirga zuwa Banjul kafin a tura soja, shi ne misalin da ake bugun ƙirji da shi cewa ƙungiyar tana iya kare ƙuri'ar talaka. A 2015 Gambiya ta Jammeh da Togo ne suka toshe yunƙurin ƙayyade wa shugabannin yankin wa'adi biyu. Daftarin tsarin mulkin 2020 da zai kawo wannan ƙa'ida a ƙasarka ya faɗi a majalisa da ƙuri'un magoya bayanka, har yanzu kuma kundin 1997 na Jammeh ne ke aiki. 'Yan Gambiya ne ke da ikon zaɓen wanda zai mulke su, ba ni ba, amma wajibi ne in gaya maka cewa muryar Banjul a kan dimokuraɗiyya za ta yi rauni a Yamai da Bamako gwargwadon daɗewarka a kan kujera ƙarƙashin wancan kundi.

Ka karɓi shugabancin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi a taron Banjul na Mayun 2024. Sojojin Gambiya sun yi shekaru suna aikin wanzar da zaman lafiya a Darfur ta Sudan, sun san yankin ba a takarda ba, kuma kisan da aka yi wa ƙabilar Masalit tun daga 2023 bai gaza na Rakhine muni ba. Masu kashewa da waɗanda ake kashewa duk Musulmi ne, ƙasashen da ake zargi da ba su makamai kuma mambobin ƙungiyar da kake shugabanta ne, wasunsu ma masu ba ƙasarka tallafi. Na san wannan ya fi ƙarar Myanmar wuya nesa ba kusa ba, kuma saboda wuyar tasa ne nake roƙonka ka sa shi a gaban ƙungiyar da sunansa.

Abin da nake nema daga gare ka, mai girma Shugaba, bai fi ƙarfin gwamnatinka ba. Ka nemi ECOWAS da Majalisar Ɗinkin Duniya su buga rahoton 2009 kowa ya karanta. Ka tura ministan harkokin wajenka Abuja da Akara da Dakar ya nemo sa hannunsu a kan buƙatar miƙa Jammeh, a sanar da jama'a ranar da aka kai ta Ikwatoriyal Gini da amsar da aka samu. A ware wa kotun musamman kaso bayyananne a kasafin kuɗin ƙasa, a kuma zuba kuɗin kadarorin Jammeh da aka ƙwace, wanda hukumar Janneh, wadda ta binciki dukiyarsa, ta gano ya wawuri aƙalla dala miliyan 362, cikin asusun diyya da za a riƙa bayyana lissafinsa, ba tare da an bambanta ɗan Gambiya da baƙon da aka kashe a ƙasarta ba. Sunayen 'yan Najeriya tara ɗin nan kuma a miƙa su ga ofishin jakadancinmu da ke Banjul a hukumance, domin a nemo iyalansu a sanar da su abin da ya sami 'ya'yansu.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya zaunar da Gambiya da yankinmu lafiya.

Wassalam.